Motar Baba da Sanyin Safiya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya, sai dai jikin Baba yana nan jiya i yau. Ɓarin damansa bai motsa ba, kuma tun ranar da ya faɗi ba mu ji kalma ɗaya daga bakinsa ba.

Likita ya ce a riƙa kusanto masa da abin da yake so. Shi ya sa na yaye tamfol daga kan tsohuwar jar motarsa mai ƙofa biyu, na turo ta ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Amma ta ba ni kunya, Yaya. Da safe in na murza makulli sai ta tashi tana karkarwa, ƙarar injin ta hau ta sauka, can ta mutu. In ta ɗauki zafi kuwa, sai ta zauna daram kamar ba ita ba. Na canza fulogi, na wanke nozul ɗin da ke fesa mai, na auna ƙarfin famfon mai, na gwada na'urar da ke sanar da inji zafi da sanyi. Duk lafiyarsu ƙalau. Shekara tara ina riƙe da garejinsa, ga motarsa ta gagare ni, kuma yana kwance yana ji.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Zauna kafin ka karanta wannan.

Shekaranjiya da sassafe motar ta sake mutuwa, sai Mama ta leƙo tana kirana da hannu. Na shiga na tarar da Baba yana ta fama da leɓensa. Na kai kunne. Da ƙyar ya ce, “Iska.”

Na koma a guje, ban ko tsaya kuka ba. Na bi mesar robar da ke kai wa inji iska da yatsa har ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, na ji tsaga siririya. Ashe in roba ta yi sanyi sai tsagar ta buɗe, inji ya sha iskar da ba a auna ba. In ta yi zafi sai ta haɗe bakinta. Daga kan gado ya gano abin da na yi mako biyu ina nema da kayan awo.

Yau na sa sabuwa. Murza ɗaya ta tashi, ta zauna lumui. Ni da Mama muka tallafo shi muka zaunar da shi a kujerar gaba. Don murna na taka totur da ƙarfi, sai ya ɗora hannun hagunsa a kan nawa ya ce, “Sannu.”

Mama ta ce sannu da aiki yake yi mini. Ni da na san shi, na gane a hankali yake nufi, na ɗaga ƙafata daga kan totur.

Ka zo ƙarshen mako, don Allah. Ƙila kai ma ka samu taka kalmar.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta