Rumfar Bandar Kifi a Ƙauyen Tsaunuka

Malama Aleida,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadi ta biyu ta Disamba ta riske ni. Na san yawancin masu rubuto miki da kuka suke zuwa. Ni tawa damuwar a cikin kwali take, a ƙarƙashin gadona, kuma duk wanda na gaya wa sai ya gama dariya kafin ya tausaya mini. Ke ma ki yi dariyarki, amma ki ba ni amsa.

Ni ɗan Harlingen ne, can arewa a bakin teku aka haife ni, yanzu ina karatun aikin jinya a Maastricht, nan kudu. A nan na haɗu da Noortje. Ba zan cika miki takarda da yabonta ba, abin da zan ce kawai shi ne tun da na san ta ko ruwan saman Nuwamba bai ƙara ɓata mini rai ba. Ina da niyyar neman aurenta bayan sabuwar shekara, kuma ita kanta ba ta sani ba tukuna.

Bana ne karo na farko da iyayenta suka gayyace ni bikin Kirsimeti a gidansu da ke kusa da Valkenburg. Mahaifinta, Baba Funs, ya haura shekara talatin yana tara ƙananan gidajen adon nan masu fitila da ake jerawa a yi ƙauyen Kirsimeti. Tun farkon Nuwamba yake kwashe kujerun falo ya kafa teburinsa a jikin babbar taga, ya yi ta sassaƙa tsaunuka yana shimfiɗa wayoyi. Da an gama bikin yara na Sinterklaas a farkon Disamba sai ya kunna fitilun, a bar labule a buɗe, mutanen layi su riƙa tsayawa da 'ya'yansu suna leƙe. A gidan ba mai kiransa da sunansa a wannan lokacin, Magajin Gari kowa ke ce masa, har matarsa Mama Riet.

Suna da wata al'ada. Duk wanda aka gayyata Kirsimetinsa na farko zai zo da gida guda ɗaya ranar Lahadin nan. Zai miƙa wa Magajin Gari a gaban kowa, shi kuma ya zaɓa masa fili. Twan, mijin yayar Noortje, gidan burodi ya kawo, aka ajiye shi dab da majami'a, kuma har yau bai bar kowa ya manta ba. Wani saurayi da ƙanwarsu ta taɓa kawowa kuwa, bayan dutse aka kai gidansa, inda sai ka hau kujera za ka hango hayaƙinsa. Kafin Ista an rabu. Sun ce wasa ne, amma duk lokacin da suka ba da labarin sai su juyo su dube ni.

To, ni a gidanmu bishiya kawai muke kafawa, ban san komai a kan abin ba. Na tafi babbar kasuwar furanni da tsirrai da ke wajen gari, inda ake sayar da gidajen, ina zaton gida gida ne. Ashe jeri-jeri ake yin su, kowane jeri da ƙasarsa da zamaninsa. Akwai na tsohon birni, mai kekunan doki da masu sayar da gasasshen ƙwallon itace a bakin titi. Akwai na filin wasa, inda komai ke juyawa yana kiɗa har kanka ya yi ciwo. Akwai na tsaunuka, gidajen katako masu faɗin rufi da masu zamiya a kan ƙanƙara, shi ne kaɗai jerin da Baba Funs yake tarawa. Noortje ta riga ta gargaɗe ni, ta ce in ɗauki kowane gida na ga dama muddin daga jerin tsaunuka ne. Na ma ɗauki wani ɗan masauki mai jar taga na sa a kwando.

Sai na juya na ga jerin bakin teku. Malama, a can ƙarshen kanta akwai wata rumfar bandar kifi mai koriyar ƙofa, taru na rataye a jikin bango, ga wani tsoho a zaune a kan ganga da kyanwa kusa da ƙafarsa. Rumfar kakana ce sak. Har karkacewar bututun hayaƙin iri ɗaya ce. A irin wannan rumfa na girma, hannuna na ƙarnin kifi, kakana yana koya mini ƙulla igiya yana ce mini mai yatsun man shanu don komai sai ya suɓuce mini. Ban san lokacin da na mayar da masaukin ba. Na fito da rumfar a rungume, ina ta murmushi a cikin bas kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Sai da na kai ɗakin Noortje muka jera ta da wani gidan babanta da ke kan tagarta, sannan na ga abin da na aikata. Rumfata ta fi girma nesa ba kusa ba. Tsohon da ke zaune a kan ganga ya kusa kai rufin gidan nasu, in ya miƙe tsaye sai dai ya leƙa ta bututun hayaƙi. Nasu na tangaran ne mai sheƙi, tawa kuwa da wani abu mai tauri mara sheƙi aka yi ta. Fitilarsu ja-ja ce kamar ta kyandir, tawa fara fat kamar ta ɗakin tiyata. Ga babbar magana: ina teku a kan tsauni? Noortje ta yi dariya har ta zame ta zauna a ƙasa. Da ta samu numfashi ta ce, "Kai dai kifi, ko cikin dusar ƙanƙara aka jefa ka sai ka nemo ruwa." Ta ce in kai ta a haka, ita ta fi son ta.

Twan kuma da ya ji labari ya kira ni, ya ce in ina son kaina da arziki in mayar tun kwalin bai yage ba. Ya ce Magajin Gari ya taɓa ƙin karɓar gida daga hannun ƙanensa don kawai ƙanƙarar rufin tana ƙyalli. Ya ce a shirya mini fili a bayan dutse, kusa da wancan bawan Allah, mu riƙa gaisawa da safe.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne ziyarar da muka kai makon jiya. Baba Funs ba mai yawan magana ba ne, amma sau biyu yana ɗago kai daga aikinsa ya tambaye ni wane launi ne ruwan tashar jiragen ruwan garinmu da hunturu, kore ne ko toka-toka, kuma ko yana daskarewa a gefe. Na tabbata zolaya ce, don mutanen kudu ba sa gajiya da tsokanarmu cewa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti. Na amsa a daburce. Mama Riet kuma tana ta mita cewa bana ya ƙara wani katako a gaban teburin, ƙasa-ƙasa, har ya cinye wurin kujerar da take saƙa, kuma bai ɗora komai a kai ba. Sai ta ƙara mini yanka na biyu na vlaai, kek ɗin yankinsu mai 'ya'yan itace, ta ce in ci, na rame.

Yanzu ga ni. In na mayar da rumfar na sayo masaukin, na bi doka, amma zan shiga gidan da nake fatan zama ɗansa da abin da ba ni ba ne. In na kai ta, ina tsoron dattijon ya ga kamar na raina aikin shekarunsa. Har na yi tunanin in je da biyun, in ɓoye ɗaya a mota in ga yadda fuskarsa za ta yi. Ina son mutanen nan ƙwarai, Malama, ina so su so ni. Me zan yi?

Naki,
Ɗan Bakin Teku

*

Ɗana Ɗan Bakin Teku,

Na yi dariyar da ka ba ni izini, har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa bango. Da ma duk wasiƙun da ke zuwa mini irin taka ne: saurayi mai son yarinya, yarinya mai son sa, da gidan da ya buɗe masa ƙofa. Ka fara da gode wa wannan.

Bari in tsaya wa Baba Funs tukuna. Mutumin da ya zaɓi jeri ɗaya ya riƙe shi shekara talatin ba taurin kai kawai yake yi ba. Masu yin gidajen nan suna daina fitar da wasu bayan 'yan shekaru, don haka kowane gida a teburinsa sai da ya jira shi, ko ya bi kasuwannin tsofaffin kaya yana nema. Ya daidaita tsayin ƙofofi da tsayin mutane, ya daidaita hasken, don mai leƙe ta taga ya manta cewa abin wasa yake kallo. Twan bai yi ƙarya ba da ya ce abu ɗaya zai iya ɓata wannan. Tsoronka na kada ka raina aikinsa tsoro ne mai kyau, kada ka yar da shi.

Amma ka dubi al'adar da kyau. Da gidan tsauni kawai yake so, shi ya fi kowa sanin wanda ya rage masa, da kansa zai je ya sayo. Ya ce baƙo ya zo da nasa ne don ya ga abin da baƙon zai zaɓa. Na yi shekaru ina koyarwa, kuma na sha ganin sabon yaro ya shigo aji ya ɓoye abin da ya iya don ya yi kama da sauran. Yakan samu wurin zama, amma yakan daɗe bai samu aboki ba. Masaukin mai jar taga ba zai gaya wa kowa komai a kanka ba. Rumfar kuwa za ta ba su kakanka, da igiyarsa, da yatsun man shanu.

Maganar zuwa da gida biyu ka bar ta. An ce ɗaya, kuma dattijo irin wannan zai gane an zo masa da dabara.

Ga abin da za ka yi. Kada ka jira Lahadin. Ka je a tsakiyar mako kai kaɗai, lokacin da yake aiki a teburinsa, ka ce ka zo riƙe masa waya da miƙo masa kaya. Sannan ka buɗe kwalin, ka gaya masa labarin rumfar kamar yadda ka gaya mini, ka faɗa masa da bakinka cewa ka san ba jerinsa ba ce, ta fi girma, kuma haskenta daban. Ka tambaye shi ko yana ganin tana da wuri a garinsa. Wanda aka tambaya a keɓe yana da sararin yin tunani, wanda aka ba mamaki a gaban iyalinsa kuwa sai ya kare dokarsa ko ba ya so.

Matsalolin da ka lissafa duk suna da magani, kuma ya fi ni sanin su. Babban gida a gaba ake sa shi, ƙasa-ƙasa, ƙanana su hau sama a baya, sai ido ya ɗauka nisa ne ya rage musu girma, tsaunin ma ya ƙara tsayi. Farin ƙwan fitila ana canza shi da mai launin kyandir, a kasuwar da ka sayo ta za ka samu. Abu ɗaya kawai: kada ka cusa wayarta cikin na'urar wutarsa sai ya duba, don ƙarfin wutar jeri-jeri yakan bambanta, kuma ba na so ka shiga tarihin gidan a matsayin wanda ya jefa gari cikin duhu.

Idan ya ce a'a, ka karɓa da fara'a, ka tambaye shi wane gida ne ya daɗe yana nema, ka je ka samo. Rumfar kuma ka ajiye ta. Wata rana kai da Noortje za ku yi taku tagar, kuma kun riga kun samu ginin farko. Ka kuma raba maganar aure da maganar fili. Noortje za ka tambaya, ba teburi ba, kuma yarinyar da ta zauna a ƙasa don dariya ta ce ta fi son rumfarka ta riga ta gaya maka abu mai yawa.

Saura abu ɗaya, wanda kai ka rubuta da hannunka amma ba ka karanta ba. Mutumin da ba ya yawan magana ya tambaye ka launin ruwan garinku har sau biyu. Mutumin da bai taɓa tara komai ba sai tsaunuka ya ƙara katako a gaba, ƙasa-ƙasa, ya bar shi fayau, har ya yarda ya sha mitar matarsa a kai. Ba ni da ilimin gaibu, ban kuma san ko Noortje ce ta tsegunta masa ko shi ne ya yi nasa lissafin tun ranar da ya ji daga inda ka fito ba. Amma ban taɓa ganin mai zolaya ya sayi katako ba. Ina zaton fenti yake son haɗawa, kuma amsar da ka ba shi a daburce ba ta ishe shi ba.

Don haka in za ka je, ka tafi da hoton tashar Harlingen da hunturu, wanda ruwan ya fito sosai, har da ƙanƙarar gefe. Ka kuma cinye vlaai ɗin Mama Riet, ka ba ta haƙuri a kan kujerarta.

Ina yi muku fatan bikin Kirsimeti mai haske, kai da Noortje da Magajin Gari da dukan mutanen garinsa, har da tsohon da ke kan ganga da kyanwarsa. Ka gaishe mini da Twan, ka ce masa gidan burodi ma yana bukatar maƙwabcin da zai kawo kifi.

Taka,
Malama Aleida