Asabar a Garkar Tamba

Juma'a, 19 ga Afrilu, 2024

Dankure ya sake bugowa. Na miƙa wa Ɗayyaba wayar, na yi mata alama ta ce barci nake. Ta dube ni, ta kara a kunne ta ce, "Ga shi nan zaune, Alhaji, ido biyu." Matar mutum ke nan.

Wai gobe za su zo shi da Albashir su kai ni Argungu, garkar Tamba. Mu huɗu tun sakandare muke tare, kuma kafin kowa ya tara iyali can muke yin Asabar ɗinmu. An daɗe da bari.

Tun Janairu da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ni a aji gaban ɗalibai, ban taka ƙofar gida ba sai in za a kai ni asibiti. Ƙafar hagu tana ja, hannun ya fara dawowa. Bakin ne abin. Ya karkace, magana na fita kamar na cika shi da tuwo. Ni Muhyiddeen, da ake yi wa laƙabi da Rediyo.

Ba inda za ni.

Asabar, 20 ga Afrilu

Na je.

Dankure har ɗaki ya shigo. Ya ce, "Ko ka tashi, ko mu ɗauke ka da katifar, wuri na nan bayan mota." Na san zai aikata.

Rana ta yi zafi ƙwarai. Motarsa ba na'urar sanyi, gilashin gefena ba ya sauka. Sai da munka wuce Ambursa iska ta ɗan samu. Tamba ya shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaronsa, ruwan Rima ya ja baya, yashi fari fes har tsakiyar gulbi. Ya tsufa, gemu duk furfura. Ya riƙe hannuna bai tambaye ni ya jiki ba, na gode masa a zuci.

An gasa tarwaɗa da ƙarfasa, ga albasar Augie an yanka, ga yajin ƙuli. Na ce na ƙoshi, da kai na faɗa. Gaskiyar ita ce ba na son a ga abinci na zubo mini ta gefen baki. Ƙamshin kuwa har cikin raina.

Ban yi magana ko ɗaya ba. Su ma ba su matsa ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na yi barci mai nauyi. Gajiyar mota ce.

Asabar, 27 ga Afrilu

Na ƙi fita. Na kulle ɗaki.

Ashe ba a gama ba. Dankure ya buga wa Tamba, shi kuma ya biyo motar haya da kifinsa cikin kwando, sunka baje ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidana, daidai tagata. Ɗayyaba ta ba su gawayi, har da zoɓo mai sanyi. Duk unguwar Nasarawa ta ji ƙamshi. Sun wuni nan suna dara, suna musu a kan ko damina za ta faɗi da wuri. Ba wanda ya kira sunana.

Da la'asar Ɗayyaba ta shigo da kai ɗaya na tarwaɗa a faranti. Ta ce, "Malam, Tamba ya ce rabonka ne, in ba ka so a ba kyanwa."

Na cinye, har ido.

Asabar, 11 ga Mayu

Asabar biyu ke nan ina binsu. Ɗayyaba ta ce gara in je da a sake mayar mata da ƙofar gida tashar kifi.

Yau na lura da wani abu. Da anka ajiye abinci, duk ukun sunka juya suna fuskantar gulbi, wai suna kallon shanun da ke ƙetarewa. Shanun sun ƙetare tuni, su suna nan suna kallo. Na ci. Na goge bakina. Sai Albashir ya ce, "To, shanu sun wuce," kowa ya juyo.

Ban san ko haushi na ji ba ko me. Hawaye dai sun zo, na ce yaji ne. A zuci na ce.

Mangwaro ya nuna, faɗowa yake da kansa. Ɗaya ya sami Dankure a hula.

Asabar, 18 ga Mayu

Dole in rubuta wannan da kyau.

Bayan azahar an kishingiɗa, an sha fura, Dankure ya ɗauko labarin kwalekwale. Labarin nan nawa ne, ni ke ba da shi a kowane taro. Muna aji huɗu munka saci kwalekwalen baban Tamba, ya kife da mu. Shi kuwa yau sai ya ce wai ruwan ya fi gaba goma zurfi, wai shi ya yi nutso ya tsamo mu ɗaya bayan ɗaya, ni har sai da ya danna mini ciki na amayar da ruwa.

Na dubi Tamba in ga zai gyara. Yana sakace, yana gyaɗa kai. Albashir ya ce, "Awo, haka anka yi."

Ban san lokacin da ta fita ba. Na ce, "Ƙarya!"

Dankure ya ce, "Mi ka ce?"

Na ce, "Ruwa... iya gwiwa." Da ƙyar. Gwiwar ta fito kamar "giya". Na ce, "Kana kiran Inna. Ba wando."

Tamba ya tuntsure har ya zubar da fura. Albashir, wanda dariyarsa sai an yi sa'a, yana riƙe ciki. Dankure ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, an kawo wuta, Rediyo ta kama."

A hanyar dawowa na gane shirya mini anka yi. 'Yan banza.

Laraba, 22 ga Mayu

Asibiti. Mai gashin ƙashi ya ce ƙafar ta yi kyau. Ya ce harshe ma tsoka ne, in ba a motsa shi ba kwanciya zai yi. Na gyaɗa kai. Ya ce, "Ka gani ko, Malam?"

Asabar, 1 ga Yuni

Hadari ya haɗu gabas, bai zuba ba. Albashir ya kawo hoce da kwaɗon zogale. Na ci dara sau biyu. Na ɗan yi magana, gutsure-gutsure. In sun kasa ji, Tamba ya kan ce, "Sake, ba mu da inda za mu."

Asabar, 8 ga Yuni

Da na sani ban je ba.

Surukin Tamba ya zo, wani Atiku, ɗan kasuwa. Ba mugun mutum ba ne, na sani. Da ya ji na yi sallama sai fuskarsa ta canza. Ya durƙuso kusa da kunnena yana ɗaga murya kamar ga kurma: "Sannu Malam! Ya jiki? Sannu!" Sannan ya juya ga Tamba ya ce, "Allah sarki. Yana gane mutane dai ko?"

Ina zaune a wurin. Ina jinsa.

Na so in ce masa tarihi nake karantarwa tun yana tallan goro. Na buɗe baki, maganar ta sarƙe, miyau ya zubo kan rigata. Ya ce, "A'a, kar ka wahalar da kanka."

Na tashi zan bar wurin, ƙafar ta ci amanata, na faɗi kan kunyar albasa. Albashir ya kawo hannu, na ture shi. Da ƙarfi na ture shi.



Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Salla. Ban je idi ba. Maƙwabci ya yanka mana ragon. Su ukun kowa ya aiko da cinya, na ce Ɗayyaba ta yi godiya.

Asabar, 22 ga Yuni

Sun zo, na ce a ce su yi haƙuri. Ba su zauna ƙarƙashin dogon yaro ba wannan karon. Na ji tashin motar.

Haka nake so ai.

Talata, 2 ga Yuli

Shugaban makarantarmu ya zo dubiya. Ya ce in ba zan iya aji ba a sabon zango, akwai ɗakin karatu, sai zama da jera littattafai. Cikin mutunci ya faɗa. Ya ce in yi tunani kafin Satumba. Na ce ɗakin karatun ya yi. Ɗayyaba na bayan labule, na ji ta aje tire da ƙarfi.

An yi ruwa sosai. Gidan ya yi shiru.

Alhamis, 11 ga Yuli

Albashir ya zo shi kaɗai da hantsi, a babur. Bai nemi izini ba, ya zauna bakin gadona yana murza hularsa.

Na fara neman gafarar turewar. Ya ce in bari.

Ya ce, "Muhyi, kana zaton don kai muke zuwa garkar can?" Ya ce tun da matarsa Sadatu ta rasu bara, yara kowa na gidansa, shi kaɗai yake cin tuwo, rediyo a gefe. Ya ce Asabar ɗin nan ne kawai yake sa hannu a kwano ɗaya da wani. "Ran Laraba nike fara tunanin abin da zan kai. Yanzu ka ƙi zuwa, Dankure ya ce ba daɗi, an fasa. To ni in yi yaya?"

Na je jana'izar Sadatu. Na yi zaman makoki, na yi ta ba mutane labari don a rage zafi. Bayan nan ban taɓa tambayarsa da wa yake cin abinci ba. Wata biyu muna zama kan tabarma ɗaya ban ga yadda ya rame ba.

Na ce Ɗayyaba ta kawo abinci. Munka ci shinkafa da wake a tire ɗaya. Bai juya ya kalli bango ba, ni ma ban damu ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Ko'ina ya yi kore, hanyar Argungu kamar ba ita ba. Shinkafa ta tashi a fadama, gero ya kai ƙugu. Ruwa ya cinye yashin nan duka.

Atiku ya aiko da kaji huɗu da ban haƙuri. Dankure ya ce haƙurin a mayar masa, kajin a gasa.

Na tura wa Albashir cinya biyu. Ya harare ni, ya cinye.

Asabar, 27 ga Yuli

Ruwa ya kama mu tsakiyar cin masara. Munka ruga bukkar Tamba, ni ana jana kamar buhu. Bukkar na yoyo ta kusurwa uku. Muna tsugune kamar kaji, ba dara, ba abin yi, sai Tamba ya ce in gaya musu yadda Kanta, sarkin Kabi, ya gina birnin Surame, wai shi ya manta.

Ɗan Kabawa ya manta Kanta! Na san wayo ne. Amma na fara.

Abin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, yau sai da ruwan ya ɗauke ban kai ƙarshe ba. Kalma ta maƙale, in tsaya, in zagayo ta wata hanya. Ba wanda ya ƙarasa mini. Dankure ma, da bakinsa ba ya zama, ya yi gum. Da na gama ya ce, "Wallahi yanzu ka fi daɗin saurare. Da can ba ka barin mutum shi haɗiye miyau."

Muƙamuƙina na ciwo har yanzu.

Asabar, 17 ga Agusta

Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shiga garkar har gindin mangwaro. Tamba ya sa mu a kwalekwale munka zagaya inda muke shimfiɗa tabarma. Dankure ya ƙanƙame gefe da hannu biyu yana salati. Ban ce komai ba. To, na ce kaɗan.

Tamba ya ce sai ruwa ya ja, wataƙila Oktoba. Albashir ya zuba wa ruwan ido.

Na ce, "Gidana. Asabar."

Juma'a, 23 ga Agusta

Ɗayyaba ta ce in baƙi nake gayyata, to citta da kanumfari sun ƙare, ita kuma tana da wanki. Da gangan ta yi. Na hau Keke Napep ni kaɗai zuwa babbar kasuwa.

Mai kayan yajin bai ji "kanumfari" ba. Na sake. Bai ji ba. Ga shi nan gabana, da na nuna da yatsa an wuce wurin. Na sake faɗa a hankali, ya ce, "Au, kanumfari!" ya ƙulla.

Ina fitowa wani tela ya taso daga kan kekensa, ashe tsohon ɗalibina ne, Muhammad Sani, har ya yi gemu. Ya ba ni kujera. Ya ce 'yarsa tana makarantarmu, za ta shiga ajin ƙarshe, ya tambaya ko ni zan ɗauke su tarihi. Na ce ban sani ba tukuna. Daga nan ya ce shi har yau bai gane abin da ya haɗa Kabi da Gwandu faɗa ba, na ɗan yi masa bayani. Maƙwabtansa biyu sunka matso.

Sai ga wayar Ɗayyaba, wai ko Sakkwato na tafi sayen cittar, an kusa kiran salla.

Ba hira na tsaya yi ba. Tambaya anka yi mini, na amsa.

Litinin zan leƙa makaranta. Ganin jadawalin darussa kawai.