Fitilar da Hoton Baba Ya Rufe

Yaya Sani,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Kwatano? Mu nan Tasawa lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Motar da ka aiko ta ba mu tsoro. Wata 'yar fitila ta kama gaban sitiyari, ta ishe ni, sai na liƙa hoton marigayi Baba a kanta. Ranar da na kai Inna ta'aziyya Hawandawaki, motar ta yi ta baƙin hayaƙi, ƙarfinta ya mutu cikin yashi. Kowa ya ce laifin gazuwal ɗin kwalba ne, man da ake sayarwa bakin hanya.

Na kai ta garajin Malam Illa, wanda ya koyi aiki hannun Baba. Ya kara kunne jikin inji, ya lumshe ido, sak yadda Baba ke yi ƙarƙashin iccen bedin ƙofar gida muna miƙa mishi ƙarafa. Wallahi sai da na kau da kai. Sannan ya jona na'urar bincike, ya ce kaptar ɗin EGR ne, wanda ke lura da hayaƙin da ke komawa inji. Kunkunniya ta toshe shi, ya wanke.

Da ya ɗaga hoton don ya ga ko fitilar ta mutu, ya ce, "Lawali, mutumin da bai taɓa barin mota ta kwana da ciwo ba, shi ka sa ya ɓoye ciwo?"

Hoton na jikin madubi yanzu. Ka sa Baba a addu'a, mu ma kada ka manta da mu. Inna na gaishe ku duka.

Ƙanenka,
Lawali