Kwalin Na'urar Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Kwastam sun riƙe kwalin da ka aiko. Na'urar numfashin Inna tana ma'ajiyarsu tun ranar Talata, an manna mata jar takarda.

A takardar kaya abu ɗaya ka rubuta, na'urar. Wakilin da ke fito mana da ita ya ce irin wannan kayan jinya ba a ɗora masa haraji, in sa hannu kawai. Na sa. Da suka yanke kwalin a gabana sai ga sababbin wayoyi shida a cikin safa, ga turare, ga takalman yara an cusa kowane lungu, kowanne da sunan mai shi. Na san aikin Anti ne, kuma ban ga laifinta ba. A gidanmu yaushe aka taɓa aika kwali da sarari a ciki? Wani jami'i ya ɗaga kwalbar turare ɗaya ya tambaye ni ko da wannan ne tsohuwar take numfashi. Abokan aikinsa suka yi dariya.

Wakili ya ce da an bayyana wayoyin, da an ƙiyasta darajarsu an yanka mana haraji, shi ke nan. Rashin bayyanawar ne laifi, kuma suna iya ƙwace kwalin gaba ɗaya. Sa hannuna ne a ƙasan takardar.

Inna ba ta sani ba. Tukunyar iskar da asibiti suka ara mana ba za ta wuce Asabar ba, kuma sun ce ba su da wata. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta ce in leƙa ko kayan ɗanta ne. Yaya, tsoro nake ji. Ka aiko da rasit ɗin na'urar yau, da wasiƙa cewa kai ka haɗa kayan.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jikin Anti? Ka ce mata ta daina kuka. Takardunka sun iso, na haɗa da ta likita na kai. Na yini a kan benci kafin wata jami'a ta karɓa. Ta karanta sau biyu, ta ce mahaifinta ma da irin na'urar ya rayu shekara uku. Na rubuta cewa mun sallama wayoyin da sauran tsarabar, a raba su da na'urar. Batun tarar da ke kaina sai shugabansu ya duba.

Yau Inna ta kasa ƙarasa fatiha da numfashi ɗaya. Na zauna ina ƙirga mata shi kamar yadda likita ya koya mini.

A gaida yara. Ka sa mu a addu'a.

Auta

Wakili ya kira yanzu. An gaya masa lambar kwalinmu tana cikin jerin waɗanda za a saki gobe Juma'a. Bai ga jerin da idonsa ba tukuna.