Man Kaɗanya a Ƙotar Bindiga

Daren Laraba, Handsworth

Bakina ya ja mini. Tun da council, wato ƙaramar hukuma, ta sallame mu daga aiki a Manchester, abincina yana hannun Mista Colin. Shi yana harbin zomaye a gonakin bayan Birmingham, ni ina ɗaukar kaya. Da ya sayo wa bindigarsa sabuwar ƙota don saiti ya daidaita, sai na ce ai ni jikan maƙera ne, ya bar mini aikin. Ni da wayoyi kawai na taɓa sayarwa a kasuwa!

Ana zuba gam a cikin ƙotar don ƙarfen bindigar ya zauna daram, amma sai an shafe ƙarfen da wax, wani irin kaki, in ba haka ba, su manne har abada. Wax ya ƙare. Na lakato man kaɗanyar da ke aljihuna na shafa. Ya ce, "Sani, mene ne wannan?" Na ce sirrin gidanmu ne.

Da safe zai kwance ta. Da na dawo gida na shafa wa cokula biyu man, na haɗa su da ragowar gam don in gwada. Yanzu na ja su da iya ƙarfina. Innalillahi, cokulan sun zama ɗaya.