Usur Uku a Mashigin Tungar Geza: Ta'aziyyar Malam Sahabi Ja'afar Kwargaba

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ta ƙi yin sanyi, Ƙungiyar Matasan Sikawut ta Bakin Gulbi, mai kula da shiyyar Wurno, Rabah da Goronyo, a madadin Mai Girma Uban Ƙungiya, da dattawan Majalisar Amintattu, da kwamandojin rundunoni, da ɗaukacin 'yan sikawut maza da mata, tana sanar da iyayenmu masu riƙe da sarauta, da malamanmu, da sauran al'umma cewa ta karɓi labarin rasuwar Kwamandan Horaswa na shiyya, Malam Sahabi Ja'afar Kwargaba, wanda Allah Ya karɓi ransa a cikin ruwa, a mashigin Tungar Geza, ranar kasuwar da ta gabata, yana kan ceton mutanen da kwalekwale ya kife da su. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi Malam Sahabi malamin makarantar firamare ne, kuma shi ne ya kafa rundunarmu ta farko a Kwargaba, tun lokacin da ba mu da komai sai ƙyallayen wuya da mai ɗakinsa ta ɗinka mana da sanduna na geza da muka sara da hannunmu. Daga wannan ƙaramar runduna ya yi ta bin ƙauyuka a kan wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura, har ya kai ƙungiyar zuwa Lahodu, ya tsallaka da ita Giyawa, ya shigar da ita rugagen Fulani, inda yake koyar da taimakon gaggawa da Fillanci mai tsamin da matan ruga kan riƙe ciki don dariya, amma ba su taɓa tashi sun bar darasinsa ba. Duk wanda ya ga 'yan sikawut suna tsara sahu a filin idi, ko suna cike ramukan hanya bayan ruwa ya ci ta, ko suna ɗaukar tsofaffi zuwa asibiti lokacin amai da gudawa, to aikin Malam Sahabi ya gani. Ba mutum ne mai dogon jawabi ba. Idan ya ga ɗan sikawut ya tsaya yana kallon aiki, tambaya ɗaya yake jefa masa, "Mi kaka jira?", har ta zama sunan da yara ke kiransa da shi idan sun tabbata ba ya kusa.

Amma babban abin da mutanen bakin gulbi za su riƙa tuna shi da shi shi ne dokar usur. Marigayin ya lura cewa idan gulbi ya cika, ihun mutum ba ya tsallake ƙarar ruwa, ko da maƙogwaronsa zai tsage, alhali sautin usur yana ratsawa har gaɓa. Sai ya zauna da Sarkin Ruwan Tungar Geza, Malam Yari, da sarkawansa masunta, suka yi ƙa'ida mai sauƙi wadda ko tsohuwa za ta riƙe: busa ɗaya, fasinja ne ke kiran jirgi, busa biyu, ana neman taro, busa uku a jere, rai na cikin ruwa, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya ruga. Ya bi limamai suka sanar bayan sallar Juma'a, ya rataya wa kowane matuƙin jirgi usur a wuya, ya koya wa makiyaya masu tsallakawa da shanu. Damina bayan damina wannan ƙa'ida tana aiki. Da ita aka ciro masu tallar nono, da ita aka ciro manoman albasa, da ita aka taɓa ciro wani dattijo da jakinsa, abin da marigayin kan ba da labarinsa yana cewa jakin ya fi mai shi nuna godiya.

A al'ada, saƙon ta'aziyya a nan yake tsayawa, a yi addu'a a sa hannu. Ƙungiya ta yi shawara ta ga ba za ta iya ba, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma shirun da za mu yi yau shi zai kashe wani gobe.

A farkon daminar bana, wani mai neman kujera, wanda ba za mu ƙazantar da wannan takarda da sunansa ba, ya fito neman sa'a karo na uku bayan ya sha ƙasa sau biyu. Yaransa suka zo da buhunan usur na roba suka watsa a kasuwannin bakin gulbi kamar ana rabon goro, suka kuma zaɓi busa uku a jere ta zama takensu, wai alamar ta uku ce za ta ci. Daga ranar nan ba dare ba rana, a kan babura, a bakin mashaya, a ƙofar makaranta, busa uku ce kawai ke tashi. Sarkawa suka yi ta yar da komarsu ta kamun kifi suna rugawa gaɓa, su tarar da samari suna tsalle suna kiran sunan ubangidansu. Suka ruga sau ɗaya, suka ruga sau goma, har ƙafafu suka gaji, kunnuwa suka saba.

Malam Sahabi bai yi barci a kan wannan lamari ba. Ya ɗauki dattawan ƙungiya, tare da Sarkin Ruwa, suka je har ofishin yaƙin neman zaɓen, ya cire hularsa ya yi roƙo, ba gardama ba. Ya ce su busa ɗaya, su busa biyar, su kawo kalangu da ganga da duk abin da ke ƙara a duniya, amma don girman Allah su bar wa gulbi ukunsa. Amsar da ya samu daga wani matashi da bai kai ɗan cikinsa ba, a gaban manyan ofishin suna murmushi, ita ce, "Shin usur gadon gidanku na?" Wannan magana a gaban shaidu aka faɗe ta, kuma wallahi ba za mu manta da ita ba.

Ranar da abin ya faru, marigayin yana dawowa ne daga horas da sabuwar runduna a tsallake, bayan azahar, cikin jirgin da ya ɗauko matan ruga da ƙoren nononsu, da buhunan hatsi, da babur. Da suka zo kwanar da ruwa ke murɗawa, inda duhuwar geza ta kare gani daga mashigi, jirgin ya sha ruwa ya kife. Waɗanda suka tsira sun shaida mana cewa Malam Sahabi ya riƙa jawo mutane ɗaya bayan ɗaya yana liƙa hannuwansu a rassan geza, kuma duk lokacin da ya ɗago kai sai ya busa uku, ya koma, ya ɗago ya sake busa uku. A daidai lokacin, sarkawan da shi da kansa ya horas suna zaune a gaɓa suna gyaran koma, tazarar da ba ta wuce jifan dutse biyu ba. Ba wanda ya motsa. Sai da suka ga ƙore da faya-fayai suna wucewa a kan ruwa babu masu su, sannan suka zabura suka tura jirage. Suka tarar da kowa a maƙale da reshe, har da Malama Fatimatu, wata mai tallar nono mai juna biyu, wadda ita ce ta ƙarshe da ya tura ta kama. Shi kaɗai ne ba su tarar ba. Washegari aka same shi can ƙasa inda ruwa ya kai shi, igiyar usur ɗinsa a naɗe a hannu.

Ƙungiya ta ji ana yawo da magana a kasuwa cewa sarkawa ne suka ƙi kai ɗauki, kuma mun san bakunan da maganar ta fito. Muna faɗa da babbar murya cewa ƙarya ce, kuma zalunci ne a kan mutanen da suka fi kowa ƙuna. Sarkin Ruwa Malam Yari, dattijon da ya yi shekarunsa yana ciro 'ya'yan mutane daga bakin mutuwa, ya tsaya a gaban gawar amininsa yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Wallahi mun jiya, da kunnuwanmu munka jiya, munka ce ɗiyan siyasa na." Tun ranar bai sake shiga jirginsa ba. Wanda ya toshe kunnen mai gadi ba shi da bakin zagin mai gadi idan ɓarawo ya shiga.

Mu Musulmi ne, mun yi imani cewa ajali ba ya jinkiri ba ya gaggawa, kuma da kwanan Malam Sahabi bai ƙare ba, da ko tsakiyar teku ya faɗa zai fito. Amma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa ƙaddara sabulu ce ta wanke sakaci ba. Waɗanda aka je aka roƙa suka yi dariya, su daina ɓuya a bayan "haka Allah Ya so", domin Allah da Ya so, Shi ne kuma zai tambaya.

Abin da ya ƙara mana takaici, har wasu dattawanmu suka tashi suka bar wurin, shi ne abin da ya faru a zaman makoki. Tawagar wannan ɗan takara ta zo ƙofar gidan mamaci da jerin motoci da masu ɗaukar hoto, kuma samarin da ke cikinta, subhanallahi, usur ɗin robar na rataye a wuyansu, yana lilo a gaban mahaifiyar marigayi, Inna Asabe, tsohuwar da idonta bai bushe ba. Haba jama'a! Ko kunyar Allah babu, ai akwai kunyar ido. Ƙungiya ta mayar da buhun shinkafar da suka aiko mata da sunan ta'aziyya, kuma muna sanar da su cewa ba abin da muke nema a hannunsu sai abin da ke wuyan yaransu.

Muna faɗin duk wannan ne domin damina ba ta ƙare ba. Gulbi ƙaruwa yake yi, kasuwa za ta sake ci, mata za su sake ɗora ƙore a ka su shiga jirgi, kuma a yau ɗin nan, idan wani ya busa uku a kwanar geza, babu wanda ya san ko za a tashi. Saboda haka ƙungiya, da yardar iyayenmu hakimai da dagatai da limaman yankin, ta ajiye kwando a ƙofar gidan Sarkin Ruwa da kuma a kowane mashigi daga Rabah zuwa Goronyo, kuma tana kiran duk uban da ɗansa ya shigo gida da usur na roba da ya karɓe shi ya kai can. Ba za mu tambayi suna ba, ba za mu tambayi jam'iyya ba. Ga iyayen da suka fara janye 'ya'yansu daga runduna don tsoro, mun fahimce ku, mu ma masu 'ya'ya ne, amma muna roƙonku ku tuna cewa duk wanda ya shiga jirgin nan, ban da marigayin, ya koma gidansa da ƙafarsa saboda akwai ɗan sikawut ɗaya a ciki.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyar marigayi, Inna Asabe, da mai ɗakinsa, Malama Ikilima, da 'ya'yansa, da 'yan'uwansa, da Mai Girma Hakimi da dagatan yankin, da malamai da ɗaliban makarantar da ya koyar, da Sarkin Ruwa Malam Yari da jama'arsa. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya karɓi shahadarsa, Ya yafe kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari a kan tafarkinsa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Da muka kai wa Malama Ikilima usur ɗin mijinta, muna zaton za ta adana shi don 'ya'yanta, sai ta mayar mana da shi, ta ce, "Ba don ado yas saye shi ba, ku kai ma Yari." Mun kai. Dattijon ya karɓa ya rataya a wuya, kuma ya yi alkawarin cewa ranar kasuwa mai zuwa zai koma jirginsa. Saboda haka, a madadin wannan baiwar Allah da marayunta, muna kiran duk mai kunne a bakin gulbi: daga yau, in ka ji uku, ka ruga. Ko jiya ka ruga ka tarar da wasan yara, yau ma ka ruga, domin gara ka dawo da haushi da ka zauna a wuce da makara ta gabanka. In kuwa shaiɗan ya raɗa maka cewa ƙila ɗiyan siyasa ne, ka ɗan tsaya ka gani, to ka tuna da mutumin da ya yi ta busawa a kwanar geza har numfashinsa ya ƙare, ka yi wa kanka tambayar da ya yi mana duk tsawon rayuwarsa: mi kaka jira?

Sa hannu:
Musaddiƙu Atiku Giyawa
Jami'in Hulɗa da Jama'a,
Ƙungiyar Matasan Sikawut ta Bakin Gulbi, Shiyyar Wurno, Rabah da Goronyo