Ƙafar da Na Zaci Tana Saman Kabad

Zuwa ga Kawuna kuma malamina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba da ta ɗaliba ga malami, duka a haɗe. Allah Ya sa takardar nan ta same ka da ƙarfinka, Ya sauƙaƙa maka ciwon bayan da Yaya ta ce yana hana ka daɗewa a tsaye, Ya ƙara wa Inna lafiyar ido. Mu nan duk lafiya lau. Baban yara yana nan da motar rarraba magungunan da yake tuƙawa. 'Yar Fari ta shiga shekarar ƙarshe a sakandare, ta kuma fi ni tsawo, abin da take tuna mini kullum. Auta ya zubar da haƙoran gaba biyu, yana tambaya ko zan haɗa masa na roba, tunda ƙafa ma ina haɗawa.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Sau uku na gwada. Da na ji muryarka sai in koma yarinyar nan mai share garin filasta a shagonka, in tambayi lafiyar kowa har da kajin Inna, in kashe ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Yaya ta ba ka rabin labarin lokacin da ta zo neman takarda a wajenka, ga sauran.

Farkon shekarar nan hukumar shige da fice ta ƙasar nan da muke zaune ta sauya dokar baƙi ma'aikata. A da, muddin asibiti na son aikinka, ana sabunta maka izinin zama ba wata doguwar magana. Yanzu an raba mu gida biyu. Ƙwararru a sabunta musu, mataimaka kuwa da izininsu ya ƙare su haɗa kaya, su da iyalansu. Da na ji labarin ko a jikina, har ina tausaya wa wasu. Shekara bakwai ina wannan asibiti, ni ake turo wa duk ƙafar da ta gagara. Sai ga ambulan ta iso gida ranar wata Talata: an ba ni kwana sittin in bar ƙasar, domin a rajista ni mataimakiya ce. Izinin Baban yara da na yaran duk a jikin nawa suke rataye, ga 'Yar Fari saura wata biyar ta zauna jarrabawar fita.

Na tafi wajen lauya da fushina, na ce masa wani ne ya yi kuskure a ofis, a nemo shi. Bawan Allahn nan ya buɗe fayil ɗina. Ya zaro fom ɗin da na cike kafin in taso, ya juyo mini shi a kan tebur. Rubutuna ne, Kawu, da karkacewarsa ta bahaguwa. Akwati biyu ne a wurin, ɗaya na ƙwararre ɗaya na mataimaki, ni da hannuna na sa alama a na biyu. Ya tambaye ni dalili. Na ce ai malamina yana raye, yana kuma aiki, da wane baki zan kira kaina ƙwararriya? Sai ya tambaya ko malamin nawa ne ya hana. Na ce a'a, bai ma san na cike ba. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki, ya ga masu ƙara wa kansu matsayi ba adadi, amma bai taɓa ganin wadda ta rage wa kanta ba sai ranar. Kunya ta kama ni, irin wadda ban san inda zan ajiye ta ba.

Shugabar sashenmu, wata dattijuwa da muke kira Mai Tabarau, da ta ji sai da ta zauna. Ta ce ita ta ɗauka kowa ya san matsayina, ba ta taɓa duba rajista ba. Ta yi mini faɗa kamar Inna, ta kuma rubuta wa hukuma a ranar. Amsar da ta zo ita ce akwai ƙofa ɗaya: in kawo shaidar wanda ya koya mini aiki, in yi gwaji a gaban masu dubawa, sannan a yi hira da ni. Gwajin bai ba ni tsoro ba. Shaidarka ce ta hana ni cin abinci. Shekara goma sha ɗaya na yi a gabanka, babban yabon da na taɓa samu shi ne "ba laifi", shi ma sau huɗu, na ƙirga. Na ce wa Baban yara idan Kawu ya rubuta musu "ba laifi", to mu fara neman akwatuna. Don haka da ambulan ɗinka ta iso ban buɗe ba, na miƙa wa lauya a rufe ya kai a fassara.

Ranar gwaji masu dubawa biyu suka zo ɗakin aikinmu. An kawo wani tsoho mai sabuwar ƙafar roba, yana kukan tana cin shi a gwiwa, aka ce in gano matsalar. Suna jira in kunna na'urar da ke auna tafiya. Na roƙa a kashe injin goge roba da fanka, na sa tsohon ya taka tsakanin sandunan nan biyu na koyon tafiya, na rufe idona. Ka tuna yadda kake juya ni in fuskanci bango, ka ce ido yana ƙarya amma ƙasa ba ta yi, in saurari taku? Na tsani wannan darasi, don ina jin masu jiran layi suna dariya. To shi na yi. Na ji diddigen yana sauka da wuri, yatsun suna jan ƙasa kaɗan. Na juya sukuru biyu, kowanne kwatan zagaye, na rage soso a gefen ciki. Tsohon ya je ya dawo, ya sake zuwa ba a sa shi ba. Da suka kunna na'urarsu ta faɗi abin da kunnena ya riga ya faɗa. Ɗayansu ya tambayi sunan makarantar da ake koyar da haka, na ce shago ne mai benci uku.

Hirar ce ta ƙarshe. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, jami'i ɗaya, fassarar takardarka a gabansa. Ya ce zai karanta mini wani wuri in tabbatar. Ya karanta inda ka ce shekara huɗun ƙarshe da na yi a shagon, ni ke yin duk aikin da ya fi wuya, kai kana duba kawai. Ya karanta inda ka ce ba ka yaba mini a gabana ba don kana tsoron in tsaya a inda na kai. Sannan ya zo kan ƙafar. Wadda na haɗa maka da kaina satin da zan tafi, na kwana uku ina goge bakinta, ka juya ta sau biyu ka ce ba laifi, ka ɗora a saman kabad. Shekara bakwai ina tuna ta a can, ƙura na hawa kanta. Sai ga jami'in nan yana karanta cewa washegarin tafiyata ka cire taka ka sa tawa, kuma har yau a kanta kake tafiya.

Ya ɗago ya tambaye ni ko gaskiya ne. Lauya da ke zaune a gefena yana ta yi mini ido in ce e. Na ce wallahi ban sani ba, yau na fara ji. Sai ya turo mini hoton da Yaya ta haɗa da takardar. Ƙafar ce, Kawu. Ga ɗinkin maɗaurin nan da ke tafiya baibai, wanda kake cewa ko a cikin ƙafa ɗari za ka gane na bahaguwa. Na yi kuka a gaban mutumin da ban sani ba, shi kuma ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur har na gama. Bayan kwana tara izini ya fito, na shekara biyar, mu huɗu duka. 'Yar Fari za ta zauna jarrabawarta.

Ba kowa ne ya samu yadda muka samu ba. Maƙwabcinmu mai walda, wanda hannunsa ya fi na masu takarda da yawa, malaminsa ya rasu tuntuni, babu mai yi masa shaida. Makon jiya muka taya su ɗaure kaya. Matarsa ta bar mini tukwanen furanninta a bakin taga, ina ba su ruwa ina jin nauyi. Ka sa su a addu'a. Ni dai na gode wa Allah da Ya bar mini kai, na gode maka da juya ni bango da ka yi, na gode da takardar.

Amma ina da ƙorafi, kuma yanzu hukuma ta ba ni bakin yin sa. Na duba hoton nan da kyau. Ka sauya tafin sau biyu aƙalla, ka cusa soso har ya leƙo, bakin ya tsage ta baya ka ɗaure da waya. Ƙafar da ya kamata a sauya tun shekara uku da suka wuce kake ta lallaɓawa, sannan a ce mini ciwon baya. Da wani ne ya shigo shagonka da ita, da ka kore shi da faɗa. Na sa ma'auni da takardar awo a cikin ambulan ɗin nan, na nuna wa Yaya ta waya inda za ta auna da yadda za ta ɗauki siffar dungun da filasta. Ka zauna mata, kada ka karɓe ma'aunin daga hannunta.

Ka gaishe mini da Inna, da Gwaggo, da Yaya da maigidanta, da duk masu zaman benci. Baban yara da yara suna gaishe ka. Sabuwar ƙafar za ta iso kafin ƙarshen shekara in Allah Ya yarda. Idan ta zo kana iya cewa ba laifi, yanzu na san abin da kake nufi. Saman kabad ɗin dai a ba tsohuwar.

Taka har kullum,
Bahaguwa